Kalandar Hindu: me ke bayan sa'o'in da ake nema da waɗanda ake gudu a kowace rana?

A ƙarshen watan Oktoban 2024 tambaya ɗaya ta cika jaridu da gidajen talabijin na Indiya: shin ranar Alhamis 31 ga Oktoba za a yi bikin Diwali, babban bikin fitilu na mabiya addinin Hindu, ko kuwa Juma'a 1 ga Nuwamba? Manyan malaman addinin Hindu na birnin Varanasi sun tsaya a kan Alhamis, takwarorinsu a wasu jihohi suka ce Juma'a ce daidai, kasuwannin hannun jari na Mumbai kuma suka buɗe zamansu na musamman na awa ɗaya, wanda suke yi kowace shekara don neman albarkar bikin, da ƙarfe 6 na yammacin Juma'ar. Watanni tara kafin wannan, ranar 22 ga Janairu, an keɓe mutum-mutumin Ram, ɗaya daga cikin ababen bautar Hindu, a sabon wurin ibada na Ayodhya, wanda aka gina a filin masallacin Babri da aka rushe a 1992, kuma an tsara cewa muhimmin ɓangaren hidimar zai gudana ne cikin daƙiƙa 84 kacal, jim kaɗan kafin ƙarfe 12 da rabi na rana zuwa ɗan bayanta.

Ta yaya biki ɗaya zai faɗo a kwana biyu, kuma wane lissafi ne ke fitar da daƙiƙa 84 daga cikin yini guda ya ce su ne masu albarka? Masu kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa sun saba ganin malamin addini ya buɗe wani ɗan littafi, ya ƙirga da yatsu, sannan ya tsayar wa iyali ranar ɗaurin aure, kuma akasari akan ɗauki abin baki ɗayansa a matsayin duba. A can Indiya kuwa akwai masu rantsuwa cewa kimiyya ce tsantsa daga farko har ƙarshe. Kowane ɓangare ya kama gefe ɗaya ne ya saki ɗayan, domin abubuwa biyu ne aka ɗinke a cikin littafin: lissafin tafiyar rana da wata, wanda kowa zai iya gwadawa ya ga gaskiyarsa a sararin sama, da kuma hukuncin cewa wannan lokaci na alheri ne wancan na nahisa, wanda ya dogara ga imani da al'ada.

Gaɓoɓi biyar da aka gina kalandar a kansu

Sunan littafin Panchang, a kudancin ƙasar kuma Panchangam, wato gaɓoɓi biyar, saboda abubuwa biyar da yake bayyanawa game da kowace rana. Mafi muhimmanci a cikinsu, kuma wanda ya fi rikita baƙo, shi ne tithi. Rana da wata suna tafiya ne a sararin sama kamar hannayen agogo, dogon yana tsere wa gajeren har ya zagayo ya sake cim masa. Duk lokacin da wata ya ƙara wa rana tazarar digiri 12, tithi ɗaya ya cika, kuma da yake da'ira digiri 360 ce, tithi 30 ke yin wata guda. An kasa su gida biyu: 15 na lokacin da wata ke girma, waɗanda ke ƙarewa da cikarsa, wato Purnima, da 15 na lokacin da yake raguwa, waɗanda ke ƙarewa da ɓuyansa, wato Amavasya. Babu ruwan wannan tsari da ganin jinjirin wata da ido, lissafi ne zalla, don haka sabon zagayen yakan fara kwana ɗaya ko biyu kafin wata ya tsaya a lissafin Musulmi.

Matsalar ita ce gudun wata ba ɗaya ba ne kullum. Idan ya matso kusa da duniya yakan yi sauri, idan ya yi nisa yakan yi nawa, saboda haka tithi yana iya gajarta zuwa kimanin awa 19 ko 20, yana kuma iya tsawaita zuwa kimanin awa 26. Yana iya farawa da hantsi, ko da la'asar, ko cikin tsakar dare. Domin a daidaita shi da rayuwar yau da kullum, sai aka yi ƙa'ida cewa tithin da fitowar rana ta tarar shi ne sunan wannan yinin. Daga nan ne wani abin mamaki ke fitowa: idan gajeren tithi ya fara bayan fitowar rana ya kuma ƙare kafin fitowar ta gobe, babu yinin da zai ɗauki sunansa, sai a ga kalanda ta yi tsalle daga 4 zuwa 6. Idan kuma dogo ne har ya riski fitowar rana sau biyu, sai kwana biyu a jere su ɗauki lamba ɗaya.

Gaɓa ta biyu ita ce vara, wato ranakun mako bakwai, kowace a ƙarƙashin wani abu na sama: Lahadi ta rana, Litinin ta wata, Talata ta Mirrihi, Laraba ta Uɗaridu, Alhamis ta Mushtari, Juma'a ta Zuhura, Asabar ta Zuhalu. Kwana a wannan lissafi yana farawa ne daga fitowar rana zuwa wata fitowar, saɓanin agogon Bature da ke juyawa da ƙarfe 12 na dare, da lissafin Hijira da ke juyawa da magariba.

Ta uku ita ce nakshatra, masaukan wata 27 a tsakanin taurari, kowane da faɗin digiri 13 da sulusi, domin wata yakan zagaye sararin taurari cikin kwana 27 da 'yan awoyi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san manzilolin wata 28 na Larabawa, waɗanda malaman hisabi na ƙasar Hausa suka daɗe suna amfani da su wajen sanin shigar damina da fitarta. Masaukin da Indiyawa ke kira Krittika shi ne Surayya, taurarin da Bahaushe ya sani da Kaza da 'Ya'yanta. A gidaje da yawa masaukin da wata yake ciki lokacin da aka haifi jariri shi ke nuna harafin da sunansa zai fara da shi, kuma masaukin Pushya, musamman idan ya dace da Alhamis, ana ɗaukarsa lokaci mai kyau na sayen kadara.

Sauran biyun sun fi zama na ƙwararru. Yoga, wadda ba ta da alaƙa da motsa jikin nan da aka sani, ana samunta ne idan aka haɗa matsayin rana da na wata aka kasa jimillar gida 27. Karana kuwa rabin tithi ce, tana da sunaye 11, kuma ɗaya daga cikinsu, Bhadra, ita ce aka fi tsoro. A shekarar 2023 Bhadra ta mamaye kusan dukkan yinin 30 ga Agusta, ranar bikin Raksha Bandhan da mata ke ɗaura wa 'yan'uwansu maza zare a hannu, sai da iyalai da dama suka jira har bayan ƙarfe 9 na dare ko suka ɗaga zuwa sassafen washegari. Tsarin tsoho ne ƙwarai: Abu Raihan al-Biruni, a littafin da ya rubuta kan Indiya wajen shekarar 1030, ya keɓe babi-babi ga karana da yoga da ranakun da mutanen ƙasar ke ɗauka na sa'a ko na rashinta.

Wata, shekara, da watan da ake ƙarawa

Watanni 12 na wata kwana 354 ne, sun gaza shekarar rana da kimanin kwana 11. Kalandar Hijira ta bar wannan giɓi yadda yake, shi ya sa azumi ke zagayawa daga bazara zuwa damina zuwa hunturu. Kalandar Hindu kuwa tana cike shi, domin bukukuwanta a ɗaure suke da yanayi da girbi. Duk bayan kimanin wata 32 da rabi akan samu wani wata da rana ba ta tsallaka daga buruji zuwa buruji a cikinsa ba, sai a ƙirga shi a matsayin ƙari, Adhika Masa, ya ɗauki sunan watan da ke biye da shi. A 2023 an yi watan Shravana sau biyu, na ƙarin ya kama daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta. Wannan ne dalilin da ya sa Diwali ke kai-komo tsakanin tsakiyar Oktoba da tsakiyar Nuwamba amma ba ta taɓa ficewa daga kaka ba.

A gaskiya ma faɗin "kalandar Hindu" a matsayin abu ɗaya sauƙaƙawa ce kawai. A yawancin arewacin Indiya wata yana ƙarewa ne da cikarsa, a jihohin Gujarat, Maharashtra, Karnataka, Andhra Pradesh da Telangana kuma da ɓuyansa, ta yadda makonni biyu na duhun wata ke ɗaukar suna daban a arewa da kudu, ko da yake bikin yana faɗowa a rana ɗaya. Tamil Nadu, Kerala, Bengal, Odisha da Assam suna ƙirga watanninsu ne da rana. Ƙidayar shekaru ma ta bambanta: Vikram Samvat tana gaban ta Miladiyya da shekara 56 ko 57, kuma ita ce kalandar hukuma a Nepal, Shaka tana bayanta da shekara 78 ko 79, Kerala kuma tana da tata da ta fara a shekarar 825. Lokacin da aka zo cikar shekara ɗaya da hidimar Ayodhya, ranar 11 ga Janairun 2025 aka yi bikin, ba 22 ba, domin a ranar ce tithi na 12 na hasken watan Pausha ya zagayo.

Yadda ake yanka yini gida takwas

A shagunan Chennai, babban birnin jihar Tamil Nadu, da ɗakunan girkinsa akan ga wata kalanda mai kauri rataye a bango, wadda ake yage mata shafi ɗaya kowace safiya. A ƙasan babbar lambar kwanan wata akwai ƙananan layuka: lokaci mai kyau na safe da na yamma, sannan Rahu Kalam, Yamagandam da Gulika, kowanne da awoyinsa. Waɗannan layuka, fiye da tithi da nakshatra, su ne abin da talaka ke dubawa kafin ya fita sa hannu a takardar haya ko ya kai 'yarsa makaranta a ranar farko.

Lissafinsu mai sauƙi ne. Ana ɗaukar tsawon yini daga fitowar rana zuwa faɗuwarta a kasa shi gida takwas, kuma idan rana ta fito da ƙarfe 6 ta faɗi da ƙarfe 6, kowane kaso awa ɗaya da rabi ne. Kason Rahu yana canzawa bisa ranar mako: Litinin daga 7:30 zuwa 9 na safe, Asabar daga 9 zuwa 10:30, Juma'a daga 10:30 zuwa 12, Laraba daga 12 zuwa 1:30, Alhamis daga 1:30 zuwa 3, Talata daga 3 zuwa 4:30, Lahadi kuma daga 4:30 zuwa 6 na yamma. Yamagandam, kason da ake dangantawa da Yama mai kula da mutuwa a aƙidar Hindu, shi ma yana da nasa jerin, haka Gulika. Waɗannan awoyi ƙiyasi ne kawai, domin a Delhi yini yakan kai kusan awa 14 a watan Yuni ya sauko ƙasa da awa 10 da rabi a Disamba, don haka kaso ɗaya yana iya zama awa ɗaya da minti 45 ko ya ragu zuwa awa ɗaya da minti 17. Ban da haka Indiya agogo ɗaya take bi duk faɗinta, alhali rana tana riga fitowa a Kolkata da kimanin awa guda kafin Mumbai, saboda haka kalandar da aka buga don birni ɗaya ba ta yi wa ɗayan daidai.

Wane ne Rahu? A labarin addinin, wani aljani ne da ya saci kurɓin ruwan dawwama, rana da wata suka tona masa asiri, abin bautarsu Vishnu ya sare masa kai, amma da yake ruwan ya riga ya wuce maƙogwaro bai mutu ba. Kan ya zama Rahu, gangar jikin ta zama Ketu, kuma husufi shi ne lokacin da Rahu ke haɗiye waɗanda suka kai ƙararsa. A ilimin falaki kuwa Rahu da Ketu wurare biyu ne da hanyar wata, wadda ta karkace da kimanin digiri 5, ke gittawa da hanyar rana, kuma husufi ba ya yiwuwa sai rana da wata suna kusa da waɗannan mahaɗai. Masana falakin Indiya sun san haka tun da daɗewa. Aryabhata, wanda ya yi rubutunsa a shekarar 499, ya bayyana cewa inuwar duniya ce ke rufe wata, wata kuma ke kare rana. Mahaɗan suna ja da baya a hankali, su cika zagaye cikin shekara 18 da 'yan watanni, kuma masu haɗa Panchang suna lissafa matsayinsu da kyau.

A nan ne ya kamata mai karatu ya lura da abin da aka fi kuskurewa. Rahu Kalam ba shi da wata alaƙa da wurin da Rahu yake a sama. Ko mahaɗar tana gabas ko tana yamma, ko husufi ya kusa ko ya yi nisa, kason Litinin shi ne na biyu, na Lahadi shi ne na takwas. Abu ɗaya tak na falaki da ke cikin lissafin shi ne lokacin fitowar rana da faɗuwarta, sauran kuwa jadawali ne da aka gada. Mai cewa tithi kimiyya ce yana da hujja, domin za a iya auna tazarar rana da wata. Mai faɗin haka game da Rahu Kalam aro yake yi daga mutuncin lissafin da ke maƙwabtaka da shi a shafi ɗaya.

Hanin kansa bai kai tsananin da ake zato ba. Abin da ake gudu shi ne fara sabon abu: tafiya, ciniki, aure, shiga sabon gida. Aikin da aka riga aka fara yana ci gaba, jiragen ƙasa suna tashi, ofisoshi ba sa rufewa. A Tamil Nadu ma mata sukan zaɓi Rahu Kalam na Talata ko Juma'a su je wurin ibada su kunna wa abar bautarsu Durga fitila a cikin ɓawon lemon tsami da aka juya cikinsa waje. Gulika kuma fuska biyu gare shi, domin an yi imani abin da aka yi a cikinsa yana maimaituwa, don haka ana son sayen zinariya a lokacin, ana kuma gudun ɗaukar gawa. A Gujarat da sassan arewa wani tsarin aka fi bi, Choghadiya, wanda ke kasa yini gida takwas da dare gida takwas, ya ba kowane kaso ɗaya daga cikin sunaye bakwai, uku na alheri, uku na sharri, ɗaya kuma matsakaici da ake ganin ya dace da tafiya.

Ɓangaren alheri kuwa ana auna shi da muhurta, kaso ɗaya cikin 30 na kwana, wato minti 48. Brahma Muhurta yana farawa awa ɗaya da minti 36 kafin fitowar rana, lokacin tashi don ibada da karatu. Abhijit, muhurta na takwas na yini, yana kewaye da tsakar rana, kuma ana ɗaukarsa mai ƙarfin da zai shafe aibobi da yawa, in ban da ranar Laraba. Daƙiƙa 84 na Ayodhya a cikin Abhijit suke, an tace su ne ta hanyar ƙara sharaɗin burujin da ke hudowa a gabas a daidai lokacin da ƙananan rabe-rabensa. Da yake haramtattun lokuta suna da yawa har in aka tara su ɗan abin da zai rage na yini kaɗan ne, al'adar ta tanadi mafita iri-iri. Misali, a arewa ana gudun tafiya gabas ranar Litinin da Asabar, amma wanda tafiya ta kama shi dole yana iya ɗaukar jakarsa tun jiya, a lokaci mai kyau, ya ajiye a gidan maƙwabci, sai a ƙirga cewa tafiyar ta riga ta fara.

Dalilin da ya sa masana ke saɓani

Rikicin Diwali na 2024 ba irin na ganin watan Sallah ba ne, inda wani ya ce ya gani wani ya ce bai gani ba. Kusan kowa ya yarda cewa Amavasya ta fara ne gab da ƙarfe 4 na yammacin 31 ga Oktoba ta ƙare jim kaɗan bayan ƙarfe 6 na yammacin 1 ga Nuwamba. Saɓanin a kan ƙa'ida yake. Ibadar Lakshmi, abar bautarsu ta arziki, ita ce zuciyar bikin, kuma ana yinta ne bayan faɗuwar rana alhali Amavasya na gudana. Masu goyon bayan Alhamis sun ce a ranar ce tithin ya mamaye magariba da tsakar dare gaba ɗaya. Masu goyon bayan Juma'a suka ce a ranar ce fitowar rana ta tarar da shi, kuma ya ɗan taɓa bayan faɗuwarta. Kowa yana da nassin da yake jingina da shi a tsoffin littattafan hukunci. Irin wannan yana faruwa kusan kowace shekara a bikin haihuwar Krishna, inda ɗarikun Smarta da Vaishnava sukan yi nasu a ranaku mabambanta.

Akwai kuma saɓani a lissafin kansa. Wasu gidajen buga Panchang har yanzu suna bin alƙaluman tsohon littafin falaki Surya Siddhanta da makamantansa na fiye da shekara dubu, waɗanda ƙananan kurakuransu suka taru har sukan sa ƙarshen tithi ya bambanta da na zahiri da awoyi. Wasu kuma sun koma ga alƙaluman falakin zamani. A Tamil Nadu tsarin biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, Vakya na gargajiya da wuraren ibada da dama ke riƙe da shi, da Thirukanitha na zamani.

Wani giɓin ya fi wannan girma. Burujan Indiya a ɗaure suke da taurari, yanayin shekara kuwa yana zamewa daga taurari da kimanin digiri ɗaya duk shekara 72, kuma tazarar ta kai kimanin digiri 24 a yau. Bikin Makar Sankranti, wanda ake yi ranar 14 ko 15 ga Janairu da sunan juyowar rana zuwa arewa, ya makara da fiye da mako uku, domin rana takan juyo ne tun 21 ko 22 ga Disamba. Gwamnatin Jawaharlal Nehru ta kafa kwamitin gyaran kalanda a 1952 ƙarƙashin masanin kimiyya Meghnad Saha, wanda ya tarar da kalandu kusan 30 ana amfani da su a ƙasar. Sakamakon aikinsa shi ne kalandar ƙasa ta Shaka da ta fara aiki ranar 22 ga Maris 1957, wadda ake gani a jaridar gwamnati ake kuma ji a rediyon ƙasa, amma ba ta shiga gidajen mutane ba. Abin da ya fi ɗorewa daga aikin kwamitin shi ne ma'aunin tazarar taurari da ke ɗauke da sunan sakatarensa, N. C. Lahiri, da kuma Rashtriya Panchang da wata cibiyar falaki ta gwamnati ke bugawa duk shekara a Kolkata.

Abin da wannan ke jawo wa talaka

A harkar aure ne aka fi jin nauyin kalandar. A arewacin Indiya ba a cika ɗaura aure ba cikin watanni huɗu na Chaturmas, daga wajen Yuli zuwa Nuwamba, haka a wata guda daga tsakiyar Disamba da wani daga tsakiyar Maris, haka a watan ƙari, haka kuma idan Mushtari ko Zuhura suka ɓace cikin hasken rana. Abin da ya rage 'yan kwanaki ne da dubban iyalai ke rububinsu. Kuɗin zauren biki, na masu girki, na makaɗa da na farar goɗiyar da ango ke hawa duk sukan tashi, tituna su cushe, sannan masu waɗannan sana'o'i su zauna watanni babu aiki. Mai kuɗi yana kama zaure tun shekara guda kafin lokaci, marar shi kuma ya biya tsada ko ya karɓi lokacin da ya faɗo ƙarfe 2 na dare.

Kasuwa ta koyi tafiya da wannan kiɗa. Masu sayar da zinariya suna jiran Akshaya Tritiya, tithi na 3 na hasken watan Vaishakha, da Dhanteras da ke zuwa kwana biyu kafin Diwali, kuma da yake Indiya na cikin ƙasashe biyu da suka fi sayen zinariya a duniya, 'yan kasuwar ƙetare ma suna sa ido a kan waɗannan ranaku. A makonni biyu na Pitru Paksha, da aka keɓe don tunawa da magabata, cinikin motoci da gidaje yakan ja baya. A watan Aadi na Tamil, da ba a yin aure a cikinsa, shagunan tufafi sun mai da rangwamen farashi al'ada don jawo masu saye. 'Yan siyasa ma ba a bar su a baya ba: Firaminista Narendra Modi ya miƙa takardun takararsa a Varanasi ranar 14 ga Mayun 2024, ranar da wata ke masaukin Pushya, kuma cikin waɗanda suka tsaya masa akwai Ganeshwar Shastri Dravid, malamin da ya tsayar da lokacin hidimar Ayodhya.

Inda abin ke da haɗari shi ne asibiti da ƙauye. Akwai iyalan da ke neman likita ya yi wa mai ciki tiyatar haihuwa a ranar da malami ya zaɓa, kuma jaridun Indiya sun ruwaito ƙaruwar irin wannan buƙata a ranar 22 ga Janairun 2024. Likitoci suna gargaɗin cewa ciro jariri kafin mako 39 ba tare da larura ba yana ƙara masa haɗarin matsalar numfashi. A Rajasthan da Madhya Pradesh kuma, da yake ana ɗaukar Akshaya Tritiya rana ce da ba ta buƙatar a duba sa'a, an daɗe ana aurar da ƙananan yara a cikinta, shi ya sa hukumomi ke baza jami'ai duk shekara don tilasta dokar 2006 da ta tsayar da shekara 18 ga mace da 21 ga namiji.

Masu riƙo da masu suka

Masu riƙo da tsarin ba duka ne ke cewa wanda ya fita cikin Rahu Kalam zai gamu da masifa ba. Da yawa suna ganin lokaci yana da ɗabi'u mabambanta, kuma fara abu mai girma a lokacin da magabata suka yaba ladabi ne da neman natsuwa. Wasu kuma suna bi ne don zaman lafiyar gida, domin idan aure ya samu matsala babu mai son a ce shi ne ya ƙi jin maganar kaka. Wayar hannu ta ƙara yaɗa abin: manhajoji suna lissafa wa mutum Rahu Kalam na garin da yake, ko Dubai ne ko Landan ko Legas.

Suka kuwa daga cikin gida ta fara. Dayananda Saraswati, wanda ya kafa ƙungiyar Arya Samaj a 1875, ya karɓi lissafin falaki ya yi watsi da ikirarin cewa taurari na juya rabon mutum. Rarrabewar tasa ta yi kama da wadda malaman Musulunci suka yi tsakanin sanin tafiyar taurari don gane lokaci da alƙibla, wanda suka halatta, da jingina musu tasiri, wanda suka hana. Tsarin mulkin Indiya, tun gyaran 1976, ya sanya raya tunanin kimiyya cikin wajiban ɗan ƙasa, amma a 2001 hukumar kula da jami'o'i ta amince a koyar da ilimin taurari na gargajiya, kuma Kotun Ƙoli ta ƙi soke matakin a 2004. A 2008 masanin falaki Jayant Narlikar da Narendra Dabholkar, likitan da ya jagoranci yaƙi da camfi a Maharashtra, sun shirya gwaji a Pune inda aka ba masu duba bayanan haihuwar yara don su bambance haziƙai da masu naƙasar ƙwaƙwalwa, kuma sakamakonsu bai fi na mai canki-canka ba. An harbe Dabholkar har lahira a Pune ranar 20 ga Agustan 2013, kwanaki kaɗan bayan haka jihar ta kafa dokar wucin gadi ta hana damfara da sunan tsafi da ya daɗe yana fafutuka a kanta, dokar da ba ta taɓa Panchang ba.

A kudu sukar ta ɗauki salon siyasa. Periyar E. V. Ramasamy, ɗan gwagwarmayar yaƙi da bambancin aji a Tamil Nadu, ya ɗauki tsayar da lokaci a matsayin hanyar da 'yan ajin Brahmin, waɗanda malaman addini ke fitowa daga cikinsu, ke riƙe ragamar rayuwar sauran jama'a, tun daga suna har zuwa jana'iza, don haka mabiyansa suka riƙa ɗaura aure ba tare da malamin addini ba, wani lokaci ma da gangan a tsakiyar Rahu Kalam. Gwamnatin jihar ƙarƙashin C. N. Annadurai ta halatta irin wannan aure a dokar da aka zartar a 1967, kuma tun daga wannan shekara jam'iyyun da suka samo asali daga tafiyar Periyar suka riƙe mulkin Tamil Nadu shekaru da dama a jere. Duk da haka jihar tana cikin wuraren da aka fi kiyaye Rahu Kalam a Indiya, har ma'aikatar rajistar filaye da gidaje takan ƙara yawan mutanen da ofisoshinta za su saurara a ranakun da Panchangam ya yaba, saboda cunkoson masu son sa hannu a takardunsu a waɗannan ranaku.